Kawu Bai Ɗinka Rigunan Nan Ba

Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma, Kawu ya riga mu tafiya. Ranar Talata ya cika bayan la'asar, yana kwance a kan tabarmarsa a zaure, kafin magariba mun kai shi. Ƙanen mahaifiyata ne. 'Ya'yansa duk mata ne, saboda haka ni aka zaunar a gindin darbejiyar ƙofar gida ina karɓar gaisuwa kamar ni ya haifa.

Mutane sun zo. Telolin kasuwar Gwarzo sun rufe rumfuna sun zo, na Getso sun tako a ƙasa, Fulanin rugar bayan gari sun zo da matansu. Wasu tsofaffi biyu da suka yi soja tare da shi sun zo daga Kabo a bayan babur ɗaya, ɗaya ba ya gani, ɗaya ba ya ji. Wanda ba ya jin ya damƙe hannuna, ya ce da ƙarfi kamar yana kiran wani a hayin rafi, "Wandon da Kofur ya ɗinka bai taɓa yagewa a fareti ba. Ko Saje mai tumbi ne ya sa." Mutane suka sunkuyar da kai suna ɓoye dariya.

Amma akwai wata magana da ta yi ta biyo bayan yabon. Mutum zai ce, "Allah ya ji ƙan Baba, mutumin kirki ne," sai ya rage murya ya ce, "sai dai abin nan." Wani ya ce, "Allah ya yafe masa na yaran nan." Wani dattijo ma tausaya masa ya yi, ya ce tsufa ne ya taɓa masa tunani, in ba haka ba tsohon soja ba zai yi wannan ganganci ba. Ni kuma ina zaune ina cewa amin.

Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ba ta zo ba, alhali daga ƙofar gidanta ana hango darbejiyar. Da aka je aka gaya mata rasuwar, cewa ta yi, "Allah ya ji ƙan Musulmi," ta ci gaba da tankaɗenta.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro, ni da a aji huɗu boko ta kore ni. Rigunan sojan da gari ya yarda Kawu ne ya ɗinka, waɗanda suka sa aka kama mutum takwas, ɗan Gwaggo kuma ya karye, ba shi ya ɗinka ba. Ni na ɗinka. Shekara biyu ya ɗauki zagin da ya kamata a yi mini, har ya shiga kabari da shi.

Kawu tela ne. Ya shiga soja yana saurayi, aka ga hannunsa a allura, aka ajiye shi a ɗakin ɗinki na bariki har ya kai kofur. Yakan ce shi bindigarsa mai feda ce. Da ya bar aiki ya dawo gida da baƙin kan keken ɗinki guda da takardar sallamarsa a naɗe cikin leda, ya kama rumfa a layin teloli. Nan mahaifiyata ta kai ni. Tun daga ranar har furfura ta fito mini, sunana a kasuwa yaron Kawu.

Ba ya auna mutum sau biyu. Idan ya taɓa sa maka tef, shi ke nan, daga baya kallon tafiyarka kawai zai yi. Zai ce, "Kafaɗarka ta hagu ta sauka, buhu ka koma ɗauka?" Kuma haka ne. Allinsa kullum yana bayan kunne, da shi yake shiga masallaci, sai an taɓa shi ya cire. Idan Salla ta matso aiki ya yi yawa, ba ya cewa in Allah ya yarda alhali ya san ba zai gama ba. Cewa yake, "Ba zan gama ba, kai wa na gaba." Wani Alhaji ya taɓa dawo da riga yana faɗa wai an rage masa yadi. Kawu ya dube shi daga sama har ƙasa ya ce, "Alhaji, yadi yana nan yadda ka kawo shi. Ciki ne ya ƙaru." Alhajin ya yi wata uku bai bi ta layinmu ba, sannan ya dawo da yadi biyu.

Duk wanda ya mutu a unguwarmu, likkafaninsa Kawu ne ke ɗinkawa, da hannu, ba ya yarda a ɗora shi a keke. Matan ruga sukan kawo masa zanen da ƙaya ta yaga, ya gyara, su zuba masa nono a kwanonsa na sha, ba wanda ke ce wa wani komai. Kuma yana da alama. A bakin kowane aljihu yakan juya yadin ya yi ɗinki uku gajeru masu haɗuwa a wuri ɗaya, kamar sawun kaza a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ƙafar kaza muke ce masa. Aljihun da aka yi wa shi ba ya ɓallewa. Duk ƙasar nan mutum biyu ke yin sa, shi da wanda ya koya wa.

Bayan salla, ba abin da yake so kamar maganar kaki. Ya ga lokacin da kakin kore ne zalla, ya ga lokacin da aka kawo mai dabbare-dabbare kamar fatar saniya. Yakan ce mana, "Ido malalaci ne. A daji ba mutum yake nema ba, kai yake nema da kafaɗa biyu. Ka ɓata masa kafaɗar, sai ya wuce ka."

Wata shekara, damina ta kusa ƙarewa, mijin 'yarsa ta uku, wanda soja ne, ya zo hutu da wata sabuwar riga a jaka. Ba irin ta da ba ce. Zanenta 'yan gidaje ne ƙanana masu kusurwa huɗu, kore da baƙi da ruwan ƙasa, sun cakuɗe kamar hoton waya idan ya fashe. Surukin ya ce dijital ake ce mata, wai kwamfuta ce ke zana ta. Kawu ya juya ta, ya shinshina, ya ce, "Kai, tun da kake shiga daji ka taɓa ganin ganye mai kusurwa huɗu?" Surukin ya dubi ƙasa don kunya.

Washegari da hantsi Kawu ya ari rigar, ya haɗa da tsohuwar mai dabbare da surukin ya zo da ita, ya ce in biyo shi gona. Ɗan Gwaggo, taubashina, ya zo karɓar wando, shi ma aka ja shi. A gonar da ke hanyar Getso dawa ta fi mutum tsawo. Kawu ya sa muka juya baya, ya rataye rigunan a kan kara nesa da juna, ya dawo ya ce mu nemo su da ido. A taku ashirin mun ga duka biyu. Ya ja mu baya. Wajen taku sittin tsohuwar tana nan, kana ganin duhu-duhu mai siffar mutum. Sabuwar kuwa babu ita. Muka duba, muka ƙanƙance ido, babu.

Taubashina ya ce, "Kawu, ko dai ka sayar da rigar gwamnati ne ka sa mu neman iska?"

Kawu bai kula shi ba. Ya daɗe a tsaye, sannan ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce, "Na yi kuskure jiya. Wanda ya yi wannan ya zauna ya kalli daji." Ya nuna mana yadda abin yake. Idan kana kusa, ƙananan gidajen ke rikita ido, su zama kamar hasken da ke ratsa ganye. Idan ka yi nisa sai su narke cikin juna su zama manyan tabo, tabon kuma su yanka kafaɗa da ƙirji, siffar mutum ta watse. Riga ɗaya tana aikin riga biyu. Ya ce tsohuwar aikin nesa kawai ta iya, shi ma ba sosai ba.

Bai tsaya nan ba. Ya ɗauko baƙin bel ɗin surukin da ya aro tare da rigunan ya ɗaura wa sabuwar, muka koma baya, nan take muka gan ta. Ya ce, "Kun gani, riga ta ɓuya, bel ya tona ta. Shi ya sa hula da jaka da rigar gorar ruwa duk sai an yi su da yadi ɗaya." Sannan ya ɗauke ta ya kai bakin kwari, inda ƙasa ja ce ko ciyawa ba ta fitowa. Can kuwa daga nesa take kiran mutum. Ya yi dariya ya ce, "Nan kuma ba ta san ƙasarmu ba. Rigar damina ce." Da muka dawo da kansa ya goge ta, ya ninke, ya miƙa wa surukin da hannu biyu. Ranar ce na fara jin ya kira shi da muƙaminsa.

Sai abin nan na yamma, na 'yan bindigar daji, ya fara matsowa. Aka kore shanu a wata ruga, aka ɗauki mutum a wani ƙauye wajen Kara. Gari ya haɗa 'yan sintiri mutum tara, cikinsu har da ɗana na fari, mai mata da 'ya'ya biyu, da taubashina. Wata rana Kawu ya tafi a duba masa ido, shugaban 'yan sintirin ya zo rumfa da bandir na yadi da ya sayo a birni, irin mai gidajen nan, na kasuwa. Ya ce, "Baba ne ya san ɗinkin soja. Riga tara, ka gaya masa." Na karɓa.

Da Kawu ya dawo ya ga bandir ɗin a kan tebur, ko zama bai yi ba.

"Wa ya kawo wannan?"

Na gaya masa.

"Mayar masa."

"Kawu, ransu suke sawa saboda gari. Ɗana yana ciki."

"Shi ya sa na ce ka mayar."

Na ce, "Ba kai ne ka cire wa yadin nan hula a gona ba?"

Ya ce, "Wanda ya zana shi na cire wa, kuma a jikin mai shi. Soja yana da lamba, yana da oga, an san inda ya fito. Ɗanka idan ya sa, wa zai ce ɗan wane ne? Mutanen dajin ma shi suke sawa. Mace tana roron wake ta hango shi, tsayawa za ta yi ta tambayi sunan ubansa? Mai gadin gari so ake a hango shi daga nesa a ce ga wane. Kai kuma za ka sa masa abin da aka yi don kada a gane mutum. Ban da haka doka ta hana, ka sani. Ka ce su kawo yadi ruwan ƙasa zalla, ni zan ɗinka musu."

Na ce ai sai su zama kamar masu gadin makaranta, ɓarawo ya gan su ya yi dariya. Ya ce gara ya yi dariya. Raina ya ɓaci, na faɗi maganar da har yanzu idan na tuna sai in ji bakina ya yi ɗaci. Na ce, "Kai ai a ɗakin ɗinki ka yi naka sojan, me ka sani na tsoro?"

Ya dube ni. Ya ce, "Haka ne." Ya zauna ya taka kekensa.

Ba zan yi wa kaina ado ba. Ina so a ji tsoron ɗana, gaskiya ne. Amma kuma na gaji da zama yaron Kawu ina da jikoki, ina so sau ɗaya in yanke abu da kaina. Na ce masa zan je Masanawa dubiya. Na ɗauki bandir ɗin na wuce Kabo, na ari keken wani abokina, kwana huɗu na gama. Awonsu duk yana kaina, mu ke musu kayan Salla. Na dawo da rigunan rumfarmu da sassafe kafin Kawu ya fito. Shugaban ya zo ya ce, "Baba ya gama?" Na ce, "An gama." A garinmu ɗana kaɗai ya san inda aka ɗinka.

Ranar kasuwa suka sa suka zaga, mutane suna ta kallo. Kawu ya fito bakin rumfa ya kira ɗana. Ya kama aljihun ƙirjinsa ya juya bakin, ya duba, ya sake shi. Ya dawo ciki ya ce mini, "Ɗinki ya yi kyau." Daga ranar har wata uku, ban da sallama, abin da ke shiga tsakaninmu shi ne miƙo almakashi da hura gawayin guga. Sau biyu ya je wurin mai unguwa ya ce a karɓe rigunan nan. Mai unguwa ya ce, "Baba, kai ka ɗinka, kai kuma kake tsoro?" Kawu ya yi shiru ya tashi. Da ya buɗe baki ranar, da ya tsira.

Abin ya faru da kaka, da safe. 'Yan sintirin sun bi bakin kwari wajen Kara suna bin sawun wasu babura. Mata suna roron wake suka hango mutane tara cikin kaki suna fitowa daga kara. Suka zubar da kwanduna suka ruga suna kururuwa. Cikin matan har da matar ɗaya daga cikin 'yan sintirin, ba ta gane mijinta ba. Wani ya buga waya wa sojojin da aka girke a wata makaranta da ke kan hanya. Da motar ta iso aka daka musu tsawa, takwas suka kwanta. Taubashina ya firgita ya ruga, ya faɗa kwarin, cinyarsa ta karye. Mutanen ƙauyen ne suka ɗauko shi zuwa wurin mai ɗori.

Kafin azahar mai unguwa ya dawo daga makarantar ya ce ofisan bai ƙi yarda 'yan gari ne ba, amma sai an kawo telan. Wanda ya iya ɗinka wa waɗannan, a cewarsa, zai iya ɗinka wa na daji. In telan bai zo ba, da la'asar mota za ta wuce da su birni a bincika a can. Kowa ya san abin da birni ke nufi, wata nawa, shekara nawa, ba wanda ya sani.

Ni ina ɗakina a zaune. Matar ɗana tana kuka a tsakar gida, ni kuma ban fita ba. Sai na ji sallamar Kawu. Ya leƙo ya ce, "Tashi ka fito da babur." Yana sanye da farar rigarsa ta Juma'a, ledar takardarsa a hannu, ya sa an ɗauko masa kan kekensa an ajiye a ƙofar gida. Na ce na mene ne keken. Ya ce, "Ɗaura."

A makarantar mun same su zaune a ƙasa a gindin bango, an tuɓe musu rigunan an tara gefe. Ɗana ya dube ni, na kau da kai. Ofisan yaro ne, bai kai ɗana ba ma, amma ba ya wasa. Kawu ya tsaya a gabansa ya haɗe ƙafa ya sara masa, bayansa da ya ranƙwafe ya miƙe tsaf, ya faɗi lambarsa ta soja ba tare da ya duba takarda ba. Ofisan ya karɓi takardar ya karanta, ya ce a kawo wa Baba kujera. Kawu ya ce a tsaye zai yi magana.

Ya ɗauko riga ɗaya daga tarin. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba daga sito ya fito ba." Ya jiƙa yatsa ya murza, koren ya biyo yatsan. Ya shimfiɗa ta a kan benci ya auna da taƙi, ya nuna zanen yana maimaita kansa kowane taƙi ɗaya, gida ɗaya a wuri ɗaya, alhali na jikin ofisan sai ka bi hannu guda ba ka ga ya dawo ba. Ya ɗaga ta a rana, tana ƙyalli. Ya ce, "Yadin kasuwa ne. Mai wannan ko kaza bai ɓuya wa ba. Manoma ne, na san uban kowannensu."

Ofisan ya ce, "Na ji, Baba. Wa ya ɗinka?"

Kawu ya juya bakin aljihun ya nuna masa ƙafar kaza. Sannan ya juya aljihun farar rigarsa ya nuna masa irinta. Ya ce, "Ka tambayi duk wanda kake so a Gwarzo, ɗinkin wa ne wannan."

"Baba, ni kai nake tambaya."

"Ɗinkina ne."

Ina tsaye bayansa, taku biyu. Bakina yana nan, harshena yana nan. Ban ce komai ba.

Ofisan ya yi masa faɗa a gaban ƙananan sojoji da mai unguwa da mutum takwas ɗin. Bai zage shi ba, amma da zagin ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce da jahili ne ya yi da sai a ce bai sani ba, amma kofur da ya ci abincin bariki, ya san abin da kakin nan yake nufi, da yau an harbe mutum tara a banza jininsu yana wuyansa. Kawu yana tsaye ƙyam, yana cewa, "Haka ne, ranka ya daɗe." Aka ƙona rigunan a filin makarantar. Aka karɓe kan keken. Aka rubuta takarda cewa ba zai ƙara ɗinki ba, ya sa hannu. Kafin la'asar aka ba mai unguwa mutanensa.

A hanyar dawowa, babur ya yi sauƙi tunda babu kan keken, na tsaya a gindin wata tsamiya na ce, "Kawu, zan koma in faɗa."

Ya ce, "Ka koma ka ce me? Ka mayar da ni maƙaryaci a gaban ofisa, su kama mu biyu, su sake tattara yaran? Ni ido ya riga ya tafi, ko ba su karɓa ba bana zan ajiye. Kai da hannun nan kake ciyar da gida."

Na ce, "Amma ai ba kai ka ɗinka ba."

Ya ce, "Wa ya koya maka ƙafar kaza? Ja mu tafi, la'asar za ta wuce."

Ƙafar taubashina ta ɗoru a gajarce. Mutumin da ke noma gona biyu ya koma dogara sanda. Gwaggo ta zo har rumfa ranar kasuwa, ta tsaya a tsakiyar layin teloli ta ce wa Kawu tsohon banza, ya ɗinka wa ɗanta abin da ya nakasa shi, ta bar shi da Allah. Kawu ya ce, "Ki yi haƙuri." Ina zaune a kan kekena, kaina a ƙasa, kamar zare ne ya tsinke mini. Duk Juma'a idan an sauko sai ya bi ta gidanta ya yi sallama don ya duba mai jiki, ita kuma ta ce daga ciki ba kowa. Bai fasa ba sai da ƙafarsa ta daina kai shi.

Bai ƙara taɓa keke ba, ko nawa. Na ce masa wa zai gani. Ya ce ai ya sa hannu. Kullum sai ya zo rumfa ya zauna yana mini guga, mutumin da ya koya wa rabin layin nan yanka. Da ya ga sandar tana ci wa taubashina hammata, ya tattara ƙyallaye ya ce in ɗinka matashi in ɗaura a kanta, shi ya yanka, shi ya nuna mini yadda za a cusa, ya ce kada in ce daga wurinsa ne, don kada Gwaggo ta jefar. Taubashina ya gwada ya ce, "Ashe kana da amfani, ni na ɗauka inuwar Kawu kawai kake tsaro." Na yi dariya. Na iya dariya a lokacin, Allah ya yafe mini.

Ranar addu'ar bakwai, bayan liman ya shafa fatiha mutane sun fara neman takalma, na miƙe. Na yi tunanin hanin da ya yi mini, na ga dalilinsa kada a kama mu biyu ne, shi kuwa yanzu ba mai iya kama shi. Na ce, "Jama'a, ku ɗan dakata. Rigunan nan ba Kawu ya ɗinka ba. Ya ce in mayar, na ƙi. A Kabo na ɗinka su, na kawo na bari kuka ɗauka shi ne. A gaban ofisa ya ɗauki laifin don kada a tafi da ni. Duk wanda ya taɓa faɗin magana a kansa, ni zai faɗa wa."

Tsohon sojan nan da ba ya ji ya ce, "Me ya ce?" Abokinsa makaho ya kama kunnensa ya maimaita masa da iya ƙarfinsa, tun daga farko har ƙarshe, har matan da ke cikin gida suka ji. Mai unguwa ya sunkuyar da kai. Taubashina yana nan, ya saci jiki ya zo ba da sanin uwarsa ba. Ya dube ni ya ce, "Dama rigar nan ta matse ni a hammata. Na yi ta mamaki." Ba wanda ya yi dariya, shi ma bai yi ba. Ya dogara sandarsa ya tafi gida.

Bayan azahar na ga Gwaggo ta fito da mayafi. Ta wuce ta gabana ta shiga wurin Inna, matar Kawu. Daga zaure ina jin kukanta, ina jin Inna tana cewa ya yafe tun ranar, bai taɓa kwana da ita a rai ba. Ta daɗe a ciki. Da ta fito na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Gwaggo, ki yafe ni."

Ta tsaya ta gyara mayafinta. Ta ce, "Ƙafar ɗana zan iya yafe maka, ƙaddara ce. Amma shekara biyu kana zaune kana kallona ina zagin bawan Allah, yana zuwa ƙofata ina cewa ba kowa. Wannan ban sani ba tukuna. Matsa in wuce."

Na matsa. Har yau ba ta amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinta ba. Amma an gaya mini yanzu idan aka ambaci Kawu a gabanta, ita ke riga kowa yi masa addu'a.

Allah ka ji ƙan Kawu, ka yalwata masa inda yake kwance, ka suturta shi yadda ya suturta ni ban cancanta ba. Mu kuma idan tamu ta zo, ka sa mu tafi ba da hakkin kowa a wuya ba.